Sasanci a gaban alƙali ko a ja shari'a har ƙarshe: wanne ya fi idan hukuma ta ɗora hannu a kan dukiyarka?

Ni dai akanta ne, ba lauya ba, aikina rubuta wa 'yan kasuwa shiga da fita, amma wannan aikin ne ya jefa ni tsakiyar wata rigima da ta sa dole na koyi abin da ban taɓa zaton zan koya ba. Wani maigidana dillalin motoci ya wayi gari asusunsa na banki ya ƙi motsi, kuɗi na shiga amma ko kobo ba ya fita, kafin sati ya zagayo jami'an wata hukuma da ba sai na kira sunanta ba suka zo suka kwashe motoci uku daga garejinsa, suka shafa jan fenti a katangar wani fili da ya saya. Dalili kuwa, wani kwastoma da ake bincike a kansa ya taɓa turo masa kuɗi daga asusun wani kamfani, rabi na motoci, rabi kuma wai a ajiye masa har ya dawo daga tafiya. Gida ya rabu biyu. Ƙaninsa yana cewa wallahi Yaya ba za mu ba su ko taya ba, a je har Kotun Ƙoli, Hajiya kuma cewa take Alhaji ka ba su abin da suke so mu samu barci. Dukkansu biyun suna da gaskiya ta wani ɓangaren, shi ya sa nake ganin ya kamata a baje hanyoyin biyu a faifai.

Da farko ya kamata mutum ya gane cewa a Najeriya ana iya ƙwace dukiya ba tare da an kama mai ita da laifi ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, ka ji mutum yana cewa ai ba a gurfanar da ni ba, to ta yaya za a karɓe min gida? Sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006 ya ba kotu wannan ikon, sannan dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta haramun wadda Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ƙara faɗaɗa shi. Yadda abin yake tafiya, hukuma za ta je babbar kotu ita kaɗai, babu kai babu lauyanka, ta ce tana zargin wannan kadara ta haramun ce, alƙali ya ba da umarnin ƙwacewa na wucin gadi, ya ce a buga a jarida, duk mai iƙirarin kayan nasa ne ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a miƙa wa gwamnati, yawanci cikin kwana 14. Idan ba ka zo ba shikenan, a mayar da shi na dindindin. Da dukiyar ake shari'a, ba da kai ba. Patience Jonathan ta ƙalubalanci wannan tsari har Kotun Ƙoli, a 2019 kotun ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Saboda haka duk wanda zai ja shari'a yana tunanin zai rusa dokar ne gaba ɗaya, ya san an riga shi zuwa wurin.

To mu fara da hanyar ƙanin Alhaji, wato a ja. Amfaninta a fili yake, in ka ci ka ci duka, kayanka su dawo, sunanka ya fita fes, ba wanda zai nuna ka a ɗaurin aure ya ce ga wanda ya mayar da kuɗi. Kuma ana ci, kar wani ya ce maka ba a cin gwamnati. Kamfanin Melrose General Services an ƙwace masa kimanin naira biliyan 1.2 a babbar kotun tarayya da ke Legas a 2018 kan batun kuɗin Paris Club, wato rarar kuɗin biyan bashin ƙasashen waje da aka mayar wa jihohi, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, amma a 2024 Kotun Ƙoli ta soke ƙwacen ta ce a mayar. Sai dai ni akanta ne, bari in yi muku lissafin da lauya ba zai yi muku ba. A 2018 dala tana wajen naira 360, a tsakiyar 2024 tana wajen 1,500. Wato kuɗin da aka riƙe suna daidai da dala miliyan uku da wani abu, ranar da aka ce a mayar ba su kai dala miliyan ɗaya ba. An ci shari'a, amma lokaci ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku, kuma ban ma sa kuɗin manyan lauyoyi na shekara shida ba.

Wannan idan kuɗi ne a banki kenan, su aƙalla lambar tana nan yadda take. Idan mota ce fa? Na je da kaina harabar da aka ajiye motocin Alhaji bayan damina ɗaya, ɗaya daga ciki tayoyinta huɗu sun kwanta, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin bamba, ɓera ya ci wayoyin inji, kujerun fata sun tsattsage saboda rana. Motar da aka kwasa da ledar kamfani a kujerunta. Gidan haya ma haka, 'yan haya suna ganin jan fenti sai su daina biya, kowa ya ce bai san wa zai ba ba, rufi ya fara yoyo babu mai gyara. Shago ko masana'anta kuwa wannan mutuwa ce kawai, kwastoma ba ya jiran a ɗage zama.

Sannan akwai nauyin hujja. A shari'ar laifi mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da laifinka har ya kore shakka, kai kana iya yin shiru. A shari'ar ƙwace dukiya da zarar hukuma ta nuna dalilin zargi mai ma'ana, kai za ka tashi ka nuna inda ka samu kuɗin, da takarda. Kuma a nan ne 'yan kasuwarmu suke shan kashi, domin rabin cinikinmu a baki ake yinsa, amana ce, "turo ta asusun yarona", "ka riƙe min zuwa bayan sallah", babu rasit babu yarjejeniya. Alƙalin babbar kotu ba ya karɓar "kowa a kasuwa ya san ni". Wani abin kuma da ba a cika faɗa wa mutane ba, duk abin da ka rubuta a takardar rantsuwa don ka ceci fili, ya zama maganarka a rubuce a hannun masu bincike, in akwai ɓaraka a ciki kai da kanka ka ba su sandar dukanka.

Yanzu hanyar Hajiya, wato sasanci. Mu a wurinmu sulhu ba baƙon abu ba ne, assulhu khairun muka taso muna ji, amma wanda ake nufi a nan ba irin na zauren mai unguwa ba ne da za a yi fatiha a watse. Lauyanka da na hukuma za su zauna su rubuta sharuɗɗa, wannan a bar wa gwamnati, wannan a sakar wa mai shi, kowa ya sa hannu, a shigar a kotun da shari'ar take, alƙali ya duba ya karɓa ya mayar da shi hukuncin kotu. Wannan hatimin na alƙali shi ne kan maganar gaba ɗaya. Ba shi, abin da ke hannunka alkawari ne kawai na jami'in da gobe za a iya canza masa wurin aiki. Da shi kuwa kana da hukuncin da za ka kai banki a cire takunkumi, ka kai ma'aikatar ƙasa a goge alamar da aka sa wa fayil ɗin filinka.

Amma fa sasancin kala biyu ne, kuma wallahi rashin bambance su ya fi komai cutar da mutane, har masu ilimi. Akwai wanda ake yi a kan dukiya kaɗai, ka sallama wani kaso, a sakar maka saura, ba ka amsa laifi ba, ba a rubuta ka a matsayin wanda kotu ta hukunta ba. Akwai kuma na amsa laifi don a sassauta, wanda sashe na 270 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ya tsara, jihohi ma suna da irin tasu, Legas ce ta fara tun 2007. A wannan na biyun za ka tsaya a akwatin kotu ka ce eh na aikata, a rage tuhume-tuhume, ka sallama kadarori, a ba ka hukunci mai sauƙi. Dukansu a jarida "ya sasanta da gwamnati" ake rubutawa, amma tazarar da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ce. Wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya, kundin tsarin mulki ya hana shi takarar gwamna ko majalisa ko shugaban ƙasa har shekara goma, ga matsalar biza, ga zama darakta a kamfani, ga bankuna da za su riƙa kallonsa a kaikaice.

Manyan misalan da kowa ya sani a ƙasar nan na kala ta biyu ne. Tafa Balogun, tsohon sufeto janar na 'yan sanda, a 2005 ya amsa laifi aka ba shi wata shida ya sallama kadarori. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic a 2010 ita ma wata shida, ta sallama dukiyar da aka ƙiyasta ta kai wajen naira biliyan 190. Lucky Igbinedion tsohon gwamnan Edo a 2008 ya fita da tarar naira miliyan 3.5 bayan sallama wasu kadarori, abin da har yau mutane ke ambata in ana maganar shari'ar mai kuɗi da ta talaka. Na kala ta farko kuma a Amurka aka fi ganinsa ƙarara. A 2014 Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini, ya sasanta da ma'aikatar shari'ar Amurka, ya yarda a sayar da katafaren gidansa na Malibu da motar Ferrari da wasu kayayyaki, sama da dala miliyan 30, ba tare da an ɗaure shi ba. A 2019 Jho Low, ɗan kasuwar da ake zargi a badaƙalar 1MDB, wani asusun zuba jari na gwamnatin Malesiya, ya sallama kadarori na wajen dala miliyan 700 bai amsa laifi ba, kuma ku lura da wannan sosai, tuhumar laifin da ake masa ba ta mutu da wannan sasancin ba, ana nemansa har bayan nan. Wato ka ba da dukiya ba yana nufin ka sayi 'yancinka ba ne sai in an rubuta haka ƙarara.

Dokar 2015 ɗin ta sa wasu katanga da ya kamata mutum ya sani kafin ya ji tsoro ko ya saki jiki. Dole yarjejeniyar ta zama a rubuce. Alƙali ba ya shiga cinikin, ba ruwansa da tayi da ragi, nasa sai an kawo masa, ya tambaye ka da bakinsa ko da son ranka ka yarda ba wanda ya matsa maka. Kuma ba dole ne ya amince da hukuncin da kuka shirya ba, in ya ga ya yi sauƙi da yawa zai gaya maka yana niyyar ƙarawa, a nan kana da zaɓi, ka tsaya a kan amsa laifinka ko ka janye, in ka janye sai a fara shari'ar daga farko a gaban wani alƙalin daban kuma ba za a kawo maganar yarjejeniyar ba. Sannan sassaucin da ya wuce hankali shi ma ba ya ɗorewa. John Yakubu Yusuf na kuɗin fanshon 'yan sanda a 2013 ya amsa laifi aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000 ya biya ya fita, ƙasa ta ɗauki zafi, EFCC ta ɗaukaka ƙara, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Babban farashin sasanci shi ne ƙofar tana rufewa a bayanka. Hukuncin da aka yanke da yardar ɓangarorin biyu, sashe na 241 na kundin tsarin mulki ya ce ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu, kuma a aikace sai ka nuna an yaudare ka ko an tilasta ka ko an yi babban kuskure, "na sake tunani" ba hujja ba ce. In bayan wata uku ka tsinci rasit ɗin da zai wanke filin nan a tsohuwar jakar Makka, ya riga ya tafi. Wanda ya ja shari'a ya faɗi yana da matakai biyu a gabansa, wanda ya sasanta kusan ba shi da ko ɗaya. Ga kuma bakin mutane, duk yadda lauya ya rubuta "ba tare da amsa wani laifi ba", a majalisar shayi cewa za a yi in yana da gaskiya me ya sa ya bayar. Wannan kowa ya auna da kansa nawa yake sayen surutun mutane.

To wa ya kamata ya bi wacce? Ra'ayina bayan na ga abin da idona, takardunka ne ke yanke maka, ba zuciyarka ba. Ka zauna da lauya da akanta a ɗauki kadarorin ɗaya bayan ɗaya, kowacce a tambaya yaushe aka saya, da wane kuɗi, ina shaidar. Gidan da ka gada ko ka saya shekaru kafin ma ka san mutumin da ake bincike, ga takardar rabon gado ga si-of-o, wato takardar mallakar fili, da kwanan wata, wannan kar ka sa shi a teburin ciniki sam, ka ja, kuma irin wannan kadarar ƙasa ce, jira ba ya ruɓar da ita kamar mota. Haka wanda ya saya da kuɗinsa tsakani da Allah bai san komai ba, ko bankin da aka ba jingina, ko matar da aka haɗa gidanta na sadaki a cikin jerin kayan miji, su ya kamata su shiga shari'ar da sunansu cikin kwanakin nan na jarida, kar su zauna suna jiran maigida ya sasanta a madadinsu, domin shi kansa yake ceto. Amma inda kuɗi suka cakuɗe, na halas da na zargi suka shiga asusu ɗaya aka yi ta juyawa, ko inda kayan da aka riƙe su ne jarin da kake ci da shi kullum, ko inda kuɗin lauya na shekara biyar zai kusa kai darajar abin da ake faɗa a kai, ni a nan sasanci nake gani, na dukiya kaɗai in zai samu. Na amsa laifi kuwa sai wanda ya san a ransa hujjar da ke hannunsu za ta ɗaure shi, shi wannan lissafinsa na shekarun gidan yari ne ba na kadara ba.

Kuma ba lallai ne zaɓin ya zama baƙi ko fari ba. Sau da yawa sai ka shigar da takardunka na ƙalubale masu ƙarfi tukuna sannan ɗaya ɓangaren yake sauraron maganar sasanci da mutunci. Wanda ya zo da roƙo tun ranar farko babu ko takarda ɗaya a fayil, abin da aka ga dama za a bar masa. Kar dai zancen "muna tattaunawa" ya sa ka bar kwanakin kotu su wuce, tattaunawa ba ta tsayar da agogo.

In kuma za a sa hannu, a karanta kamar takardar sayen gida. Kowace kadara da lambarta, lambar fili, lambar asusu, lambar bodin mota, wacce ta tafi wacce ta dawo. A rubuta cikin kwana nawa za a rubuta wa banki a cire takunkumi, a rubuta wa zai riƙe kuɗin hayar da aka tara lokacin riƙo, a rubuta ko wannan ya kashe maganar gurfanarwa a kan wannan batu ko bai kashe ba. Ka kuma tambayi lauyanka ƙarara, wannan takardar wa ta ɗaure? Domin yarjejeniya da hukuma ɗaya ba lallai ta hana wata hukumar buɗe nata fayil ba, ga kuma ministan shari'a da tsarin mulki ya ba ikon shigar da ƙara ko karɓe ta. Kuɗi kuma ta banki ake biya zuwa asusun gwamnati da shaida a hannu, dokar 2022 ma ta tanadi asusu na musamman a Babban Banki don dukiyar da aka ƙwace. Duk wanda ya ce ka kawo a jaka a gyara maka fayil, ko ya miƙo maka takardar "na sallama" kana tsare da daddare babu lauya, wannan ba shi ne sasancin da muke magana a kai ba, kuma 'yan damfara masu sojan gona sun fi kowa sanin gidan da aka shafa wa jan fenti.

Alhaji dai a ƙarshe tsakiya ya bi. Mun kwana uku muna tono tsofaffin litattafai da bayanan banki, muka samo takardar kwastan ta motoci biyu da ke nuna an shigo da su tun kafin kwastoman nan ya bayyana, filin ma aka samu shaidar biya daga wani cinikin daban. Kuɗin ajiyar nan kam babu yadda za a kare su, don ko shi bai san asalinsu ba. Lauya ya shigar da ƙalubale, bayan zama biyu aka fara magana, ya sallama kuɗin ajiyar da mota ɗaya, aka saki asusu da fili da motoci biyu, babu amsa laifi, alƙali ya karɓa. Ƙaninsa har yanzu yana cewa da an ja da motar ukun ma ta dawo, mai yiwuwa kuma gaskiyarsa ne. Takardar cire takunkumin ta ɗauki kusan wata biyu kafin ta isa banki saboda ba mu sa wa'adi a yarjejeniyar ba, motocin biyu kuma da janwe aka ɗauko su, bakanike ya yi sati uku a kan wayoyin da ɓera ya ci.